Daga Ƙofar Kaura Zuwa Gasar Afirka: Gurbin 'Yan Matan Katsina a Wasan Ƙwallon Raga na Ƙasa da Ƙasa

Tsakure

Takardar ta dubi gasar ƙwallon raga ta mata tsakanin ƙasashe, musamman gasar cin kofin Afirka wadda Nijeriya ta sha karɓar baƙuncinta amma ba ta taɓa ɗaukar kofinta ba. Ta bi sawun ƙasashen da suka yi fice a wasan don gano inda suke samo 'yan wasansu, sannan ta dawo gida ta auna lamarin da abin da ido ke gani a unguwar Ƙofar Kaura ta birnin Katsina. Matsayar takardar ita ce, a farfajiyar makarantun 'yan mata ake haɗa tawagar ƙasa, kuma a duk wasannin zamani babu wanda ya dace da tsarin rayuwar Katsinawa kamar ƙwallon raga.

Gabatarwa



Ranar Lahadi 11 ga Agusta 2024 aka buga wasan ƙarshe na ƙwallon ragar mata a gasar Olamfik ta birnin Faris. Italiya ta lallasa Amurka zagaye uku a jere. Wadda aka zaɓa gwarzuwar gasar ita ce Paola Egonu, haifaffiyar garin Cittadella na Italiya, iyayenta kuwa 'yan Nijeriya ne. A ɗaya gefen ragar, cikin masu tsalle suna neman tare mata ƙwallo akwai Chiaka Ogbogu, ita ma iyayenta 'yan Nijeriya ne. A waya na kalli wasan, a tsakar gidanmu da ke Ƙofar Kaura, ni da 'yar wana mai shekara 13 wadda tun a lokacin ta kere ni tsawo. Da na gaya mata asalin matan nan biyu sai ta ɗago kai ta ce, "Gwaggo, to ina tamu Nijeriyar?" Amsar ba ta da daɗi. Tun da aka shigar da wasan cikin Olamfik a 1964, tawagar matan Nijeriya ba ta taɓa samun gurbi ba. Tambayar yarinyar nan ce ta haifi wannan takarda.

Wasan da ƙa'idojinsa

Wani malamin motsa jiki mai suna William G. Morgan ne ya ƙirƙiro wasan a 1895 a garin Holyoke na Amurka, don manyan mutanen da gumurzun ƙwallon kwando ya fi ƙarfinsu. An kafa hukumar wasan ta duniya, FIVB, a Faris a 1947, aka yi gasar duniya ta mata karo na farko a Mosko a 1952.

Filin mita 18 ne a tsawo, mita 9 a faɗi, raga ta raba shi biyu. Tsayin ragar mata mita 2.24 ne, ta maza 2.43. Mutum shida ke tsayawa kowane gefe, kuma sau uku kacal aka yarda gefe guda ya taɓa ƙwallo kafin ya tsallakar da ita: ɗaya ta tarbe ta, ɗaya ta ɗaga ta kusa da raga, ta uku ta yi tsalle ta sare ta ƙasa. Ana cin zagaye da maki 25, in an kai zagaye na biyar kuwa 15, da sharaɗin tazarar maki biyu. Tun 1998 aka ƙara gurbin libero, 'yar wasa mai riga daban wadda aikinta tsaron baya ne kawai, kuma galibi gajeru ne ke riƙe wannan gurbi. Abu guda nake so a riƙe daga duk wannan: babu inda jikin 'yar wasa ke haɗuwa da na abokiyar karawarta. Kowa na gefensa, raga na tsakani.

Nijeriya a gasar Afirka

An fara gasar cin kofin Afirka ta mata a 1976 a Masar. Nijeriya ta karɓi baƙuncinta a Legas cikin shekarun 1990, sannan a Fatakwal a 2001, da Abuja a 2005. A Abuja Kenya ce ta ɗauke kofin, muka tsaya na biyu. Ta Fatakwal ta fi ciwo, domin tsibiran Seychelles ne suka zo har gida suka tafi da shi, ƙasar da a lokacin jama'arta ba su kai dubu 100 ba. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Katsina ita kaɗai ta haura mutum dubu 300, jihar kuwa ta kai miliyan 5.8. Ke nan yawan jama'a bai taɓa ba kowa kofi ba.

Muna da ranar farin ciki guda da ba za a manta ba, wato wasannin ƙasashen Afirka na 2003 a Abuja, inda matanmu suka ci lambar zinare. Daga nan fa sai aka yi ta jan ƙafa. Kenya ta ɗauki kofin Afirka har sau goma, na baya-bayan nan a Yawunde a 2023, ta kuma je Olamfik a 2000 da 2004, da ta Tokiyo da aka yi a 2021, da ta Faris. Aljeriya ta je a 2008 da 2012. Maƙwabciyarmu Kamaru ta je a 2016, sannan ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2017, 2019 da 2021. Da aka faɗaɗa gasar duniya zuwa ƙasashe 32 a Tailan a 2025, Kenya da Masar da Kamaru ne suka wakilci nahiyar.

A gasar 2021 ɗin nan ta Kigali an yi wani abu mai ɗauke da darasi. Ruwanda, mai masaukin baƙi, ta sa wasu 'yan wasa huɗu 'yan asalin Burazil a tawagarta ba tare da cika ƙa'ida ba. Nijeriya ta kai ƙara, aka kori Ruwanda daga gasar da ake yi a cikin gidanta. Sun so su sayi tawaga a kasuwa ne, mu kuma tamu hanyar ita ce tara 'yan wasa a sansani saura 'yan makonni a fara gasa. Duka biyun fafe gora ne ranar tafiya.

Inda ake samo 'yan wasa

In aka bi diddigin kowace ƙasa da ta yi suna a wasan nan, za a tarar da wani wuri mai katanga inda aka tara 'yan mata suna buga ƙwallo kullum, shekara da shekaru.

Tawagar Japan da ta doke Tarayyar Sobiyet a wasan ƙarshe na Tokiyo a 1964, kusan dukkanta ma'aikatan masaƙar Nichibo ne da ke Kaizuka kusa da Osaka. Da safe suna aikin kamfani, da yamma mai horar da su Hirobumi Daimatsu ya tsare su a fili har dare ya raba. Tsananinsa ya kai har ana kiransa aljani, kuma ba ina yabon wannan ba ne. Abin lura shi ne matan suna da wurin kwana da albashi da fili a wuri ɗaya. Kyuba, da ta ci zinare sau uku a jere a 1992, 1996 da 2000, daga makarantun kwana na wasanni take ɗebo yaranta. Regla Torres tana da shekara 17 ta ci zinarenta na farko. Mireya Luis kuwa tsawonta mita 1.75 ne kawai, amma tsallenta ya sa dogayen Turai suka riƙa kallonta daga ƙasa. Ita kanta Egonu, tana 'yar shekara goma sha wani abu hukumar wasan ta Italiya ta ɗauke ta zuwa Club Italia, ƙungiyar da aka kafa musamman don rainon matasa. Da a wani gari aka haife ta inda babu raga, da tsawonta na mita 1.93 ya ƙare a ɗauko kaya daga saman kanta.

Misalin Kenya ya fi kusa da mu. Tawagarsu, wadda suke kira Malkia Strikers, wato sarauniyoyi a harshen Suwahili, makarantun sakandaren 'yan mata ne ke ciyar da ita, irin su Lugulu da Kwanthanze, inda gasar makarantu ke tashi daga gunduma har matakin ƙasa kowace shekara. Yarinyar da ta yi fice tana gama makaranta ƙungiyar hukumar gidajen yari ko ta kamfanin bututun mai ko ta bankin KCB za ta ɗauke ta, ta ba ta aiki. Uba ya san inda hanyar ta nufa. A nan gida ma rabin wannan tsari yana nan, domin manyan ƙungiyoyin matanmu na hukumomin masu kaki ne, kwastan da sojan ƙasa da na ruwa da sibil difens, ga kuma Kada Emeralds ta Kaduna. Saman bishiyar yana nan ke nan. Saiwar ce ba ta kai Katsina ba.

Abin da ido ke gani a Ƙofar Kaura

Wanda ya tsaya da la'asar kusa da gadar ƙasa ta Ƙofar Kaura, wadda aka gina zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ya kutsa cikin layukan unguwar, zai ga duk wani fegi da ba a gina ba samari sun kafa duwatsu biyu sun mayar da shi filin ƙwallon ƙafa. Da daddare gidajen kallon ƙwallo su cika. 'Yan mata kuwa a wannan lokaci suna kan hanyar Islamiyya, ko an aike su, ko suna ɗauke da tiren talla. Katsina ba baƙuwar wasanni ba ce. Garin da Sarki Muhammadu Dikko ya kawo wa wasan folo, wanda Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kansa har ƙasashen waje, garin da ke da katafaren filin wasa na Karkanda, ba za a ce bai san darajar wasa ba. Sai dai duk wannan gado na maza ne.

Akwai wata makarantar 'yan mata da nake yawan shiga saboda duba ɗalibanmu masu koyon aikin koyarwa. A bayan ajujuwa akwai turaku biyu na ƙarfe da aka dasa da siminti, tsatsa ta ci gindinsu. Na auna tsakaninsu da taku, daidai faɗin filin ƙwallon raga ne. Igiya ce ɗaure a kansu, an shanya hijabai da tsummokaran goge allo. Na tambayi malamar da ke riƙe da mabuɗin sito ko akwai raga. Ta ce, "Akwai, Hajiya, tana cikin kwali. Sai lokacin gasar gidaje ake fito da ita." Wato sau ɗaya a shekara, kwana biyu ko uku, sannan a naɗe. Ta buɗe mini kwalin. Ragar lafiyarta ƙalau, ɓera bai taɓa ta ba, ƙwallo biyu ne a ciki duk sun sace, kuma babu famfon hura su. Ita malamar darasin Hausa take koyarwa, an ɗora mata wasanni ne don babu wata.

Ana yawan cewa al'adarmu ce ba ta san mace da tsalle-tsalle ba. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa a dandali ya kalli gaɗa ba. 'Yan mata su yi rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta juya baya ta saki jiki ta faɗa hannunsu, su cafe ta, su cilla ta sama, ta dira da ƙafafunta, ta gaba ta shigo. A ciki akwai tsalle, akwai sanin lokaci, akwai amincewa da cewa 'yar'uwarki ba za ta bari ki faɗi ba. Wannan shi ne tarba da ɗagawa da sara, sai dai mutum ake cillawa maimakon ƙwallo. Carafke kuma horon ido da yatsu ne tsantsa. Dandalin ne ya mutu a birni, gidaje suka cinye shi, talabijin da waya suka ƙarasa shi, ba a kuwa ba yaran wani abu a madadinsa ba.

Tambayoyin uba

Da na nemi wana ya bar 'yarsa ta koyi wasan, bai kawo mini aya ko hadisi ba. Shiru ya yi, sannan ya ce, "Wa zai koya musu, mace ko namiji? Wa zai tsaya kallo? Da wace shiga? Ƙarfe nawa za ta dawo gida?" Na ce, "Yaya, in na amsa maka huɗun nan fa?" Ya ce, "In kin amsa, ki zo ki ɗauke ta." A ganina waɗannan tambayoyi huɗu su ne ainihin batun, kuma duk wanda ya kira su jahilci bai shirya yin aiki a Katsina ba.

Batun shiga shi ne mafi sauƙi, ko da yake shi aka fi yi wa surutu. Gajeren wandon da ake gani a talabijin al'adar wasu ƙasashe ce. Tawagar matan Iran da ɗankwali da dogon hannu da dogon wando take buga gasannin ƙasa da ƙasa. A Olamfik ta Riyo a 2016, Doaa Elghobashy ta Masar ta buga ƙwallon ragar bakin teku da hijabinta, a wasan da aka fi sani da ƙarancin sutura. A Amurka ma, bayan an hana wata ɗaliba Musulma buga wasa a jihar Tennessee a 2020 saboda hijabi, sai da hukumar wasannin makarantun sakandare ta ƙasar ta gyara dokarta. Abin da ya rage mana aikin tela ne: riga mai dogon hannu da ta sauko, wando mai roba a idon sawu, da ƙaramin hijabi da ba ya buƙatar allura, na yadi marar nauyi saboda zafin bazara.

Batun 'yan kallo ma an taɓa warware shi. Daga 1993 zuwa 2005 an gudanar da wasannin matan ƙasashen Musulmi sau huɗu a Tehran, inda a wasannin da ake cire lulluɓi alƙalai da masu horarwa da 'yan kallo duk mata ne. A nan ne ƙanƙantar filin ke da amfani. Filin ƙwallon ƙafa ba ya ɓoyuwa, amma mita 18 da 9, da ɗan sarari na mita uku a kewaye, zai shiga cikin katangar kusan kowace makarantar 'yan mata. Katangar tana da wani amfanin kuma. Nauyin ƙwallon bai wuce giram 260 zuwa 280 ba, iskar hunturu tana iya kwashe ta daga hannun mai bugawa, don haka fili mai kariya ya fi buɗaɗɗe ko da babu maganar kunya.

Lokaci kuwa, yammacin Alhamis yana nan, ranar da yawancin makarantun allo da Islamiyyu ke hutu. Daga bayan la'asar zuwa kafin magariba ya isa a buga zagaye uku kowa ta isa gida da haske.

Tambayar farko ce mai wuya, kuma a kanta komai ya tsaya. Mata masu horarwa su ne babu. Muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a nan Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, duk suna yaye malamai mata kowace shekara. Koyar da matakin farko na wasan nan bai buƙatar digiri a kansa. Malama mai sha'awa, in ta sami horon 'yan makonni daga hannun ƙwararru, za ta iya koya wa 'yan aji ɗaya tarba da ɗagawa da bugun farko. Amma sai an sa abin cikin jadawalin aikinta an kuma biya ta, in ba haka ba zai zama irin na malamar Hausar nan mai riƙon mabuɗi.

Ba zan tsallake matsalar tsaro ba. Bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, da na 'yan matan Jangebe a Zamfara a Fabrairu 2021, an rufe makarantun kwana na wani lokaci, iyaye da yawa kuma suka janye 'ya'yansu mata daga kwana gaba ɗaya. Makarantar kwana kuwa ita ce gidan rainon wannan wasa a Kenya da Kyuba, haka ma a nan Arewa a da. Shi ya sa nake ganin a yanzu daga makarantun jeka-ka-dawo na cikin birni ya kamata a fara, inda babu doguwar tafiya. Daga Ƙofar Kaura zuwa Ƙofar Ƙwaya ko Ƙofar Marusa ko Ƙofar Guga tafiyar Keke Napep ce ta 'yan mintoci.

Akwai kuma gaskiyar da masu son wasan ba su cika son ji ba. Shekarun da 'yar wasa ke nuna, daga 18 zuwa sama, su ne shekarun da yawancin 'yan matanmu ke shiga ɗakin miji. Mafi yawan waɗanda za a koya wa wasan ba za su wuce matakin makaranta ba, kuma ban ga aibu a nan ba, sun dai sami lafiyar jiki, wata rana kuma su ne iyayen da ba za su ji tsoron raga ba. Tawagar ƙasa mutum 12 zuwa 14 take ɗauka. In Katsina ta sa yara dubu a fili, biyu suka kai can, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba.

Abin da nake roƙo

Kaura, wanda ƙofar nan ke ɗauke da sunan sarautarsa, shi ne jagoran mayaƙan Katsina, kuma ba ranar da aka buga tambarin yaƙi yake fara koya wa barade hawa ba. Roƙona ga Ma'aikatar Ilimi da hukumar wasanni ta jiha bai kai girman gina sabon filin wasa ba. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Katsina na cikin jihohin farko da suka shiga, yana gina ajujuwa da katangu a makarantun 'yan mata. A sa cikin zanen kowace makaranta a bar fegi mai mita 24 da 15 ba a yi gini a kai ba, a dasa turaku biyu. A zaɓi makarantu takwas a cikin birni, kowace a horar mata da malama ɗaya, a ba ta raga da ƙwallo shida da famfo. A riƙa karawa duk yammacin Alhamis tsawon zangon karatu, ƙofa a rufe, 'yan kallo iyaye mata da ɗalibai. A ƙarshen shekara a gayyato masu horar da ƙungiyoyin kwastan da sibil difens da Kada Emeralds su zo su gani da idonsu, a kuma nemi hukumar ƙwallon raga ta ƙasa ta turo mai ba malaman horo.

Ga shugabannin makarantu kuwa, nawa roƙon bai buƙatar takardar ma'aikata. In kun koma makarantunku, ku sa a buɗe sito a duba kwalin nan, a kwance igiyar shanya daga kan turakun. 'Yar wana ta shiga aji ɗaya na babbar sakandare, tsawonta ya kai mita 1.78, kuma har yau ba ta taɓa riƙe ƙwallon raga a hannunta ba.